Cajin akwatunan wuta da sola: kowa ya jira layinsa

Ƴan'uwa maza da mata masu karatu a cibiyoyin yaƙi da jahilci, darasinmu na wannan fitowa a kan wutar rana ne, wadda kowa ke kira sola.

Yau idan mutum ya bi hanya daga Ƙonni zuwa Tsarnawa, ya wuce Malbaza da Galmi, ko ya hau arewa wajen Badagishiri da Illela, da wuya ya shiga gari bai ga pano bisa ɗaki ko bisa rumfa ba. Da farko don fitila da cajin salula aka saye shi. Yanzu kaya sun ƙaru. Akwai ƙaramin nan da ake sawa aljihu, mai suna pawabank. Akwai kuma babba mai hannun ɗauka, mai ramukan jona waya, wanda ke iya kunna fanka da telebijin. Wasu na ce masa janareton sola. Mu a nan za mu kira shi akwatin wuta. Ƴan ci-rani na zuwa da su daga Abijan, daga Libiya da Aljeriya. Wasu kuma a kasuwar Ƙonni ko Illela ta Najeriya ake sayo su. A watan Agusta na 2023, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take sayar wa Nijar, har mutanen birni masu kuran na NIGELEC sun nemi waɗannan kaya. An mayar da wutar a watan Maris na 2024, amma kayan sun zauna cikin gidaje.

To ga matsalar. Pano ɗaya ne a gida, batiri ɗaya. Amma maigida na da akwatinsa, uwargida na da pawabank, amarya na da nata, samari na da nasu, maƙwabci ma ya aiko da nasa. Kowa na so a cika masa yau. Sai a samo wayoyi a ɗaɗɗaura, a jona duka lokaci guda, a rufe ɗaki a tafi gona. Ta nan ne batiri ke mutuwa kafin lokacinsa, wayoyi su narke, wani lokaci ma ɗaki ya kama wuta.

Laifin ba na rana ba ne. Ƙasarmu ta daɗe da sanin amfaninta. Tun 1965 aka kafa ma'aikatar ONERSOL a Yamai don binciken aiki da hasken rana, kuma Farfesa Abdu Mumuni, ɗan Tasawa, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, ya shugabance ta shekaru da yawa. A nan Malbaza, a watan Nuwamba na 2018, aka buɗe tashar wutar rana mai ƙarfin wat miliyan 7. Waɗanda ke aiki a irin wannan tasha ba sa jona waya sai sun yi lissafi. Mu ma da muke da pano ɗaya, lissafin nan ya wajaba a kanmu, kuma bai fi ƙarfin wanda ya koyi tarawa da ninkawa a aji ba.

Mu karanta abin da aka rubuta jikin kaya

Ku juya panonku ku duba bayansa. Akwai takarda manne da lambobi. Ku duba jikin batiri da gindin akwatin wuta, su ma haka. Baƙaƙe kaɗan ne za ku riƙe.

Na farko shi ne V. Babu shi cikin baƙaƙen hausa da muka koya, don haka malami ya rubuta shi a allo kowa ya gani. Ana karanta shi bolt. Na biyu A, wato amper. Na uku W, wato wat.

Wanda ya taɓa ban ruwa zai gane su da sauri. Bolt shi ne ƙarfin da ke tura wuta, kamar yadda ruwan da ya sauko daga shato mai tsawo ya fi na randa ƙarfin fita. Amper shi ne yawan wutar da ke gudu cikin waya, kamar yawan ruwan da ke gudu cikin kanal. Idan ruwa ya fi ƙarfin kanal, sai ya fasa. Idan amper ya fi ƙarfin waya, sai ta yi zafi ta narke. Wat kuwa shi ne aikin da ake samu, kuma idan aka ninka bolt da amper shi ke fitowa. Bolt 12 sau amper 5, wat 60 ke nan.

Sai mudun awo. Yadda muke auna hatsi da tiya, haka ake auna wutar da aka ajiye da Wh. Ma'anarsa wat ɗaya na tsawon awa ɗaya. Ampul mai wat 5 idan ya kwana awa 10 a kunne, ya ci Wh 50.

Akwatin wuta yakan faɗi Wh ɗinsa a fili: 300, 500 ko 1000. Batirin gida ba ya faɗi haka. Za ku ga an rubuta 12V 100Ah. Ku ninka su biyu, 12 sau 100, Wh 1200 ke nan. Amma ku lura ƙwarai: batirin darma, irin mai nauyin nan da muka saba da shi, rabinsa kawai ake ci. Mai 1200, naku 600 ne. Wanda ke ƙwaƙule shi kullum har fitila ta mutu, batirinsa ba zai daɗe ba. Kamar manomi ne da ya cinye hatsi har da iri.

Pawabank kuma da mAh yake magana, lamba mai yawa don ta burge mai saye. Mai 10000 mAh yana riƙe da wajen Wh 37, mai 20000 wajen Wh 74. Salula babba ta shafawa tana cin wajen Wh 20 zuwa 25 kafin ta cika. Wani abin dariya, a kasuwa za ku ga ɗan ƙaramin pawabank marar nauyi an rubuta masa 50000 ko 100000. Ƙarya ce. Na gaskiya mai 10000 ma nauyinsa ya kai wajen giram 200. Wanda ya yi ƙarya a kan lamba, kada ku amince da abin da ya sa a ciki. Araha ba ta ado.

Pano gona ce, batiri rumbu ne

Nan ne mutane da yawa ke ruɗewa. Idan wuta ba ta isa ba, sai su ce a ƙaro batiri. Batiri ba ya haifar da wuta, ajiye ta kawai yake yi. Wanda gonarsa ke ba da dami 50, ko ya gina rumbu uku, dami 50 ɗin nan ne zai zuba.

Nawa pano ke nomawa a yini? Rana na fitowa wajen awa 12, amma ta safe da ta marece ba su da ƙarfi. Zafi na rage ƙarfin pano, ƙura na ragewa, wayoyi ma na cin nasu. Saboda haka ga ƙa'ida mai sauƙi: ku ninka wat ɗin pano sau 4. Pano mai wat 100 zai ba ku wajen Wh 400 a yini mai haske. Mai wat 150 zai ba da wajen 600. Ranar hadari a watan Agusta, ko ranar da hazo ya rufe sama lokacin hunturu, abin ba zai kai haka ba, wani lokaci ko rabi.

Ga misali. Gida na da pano mai wat 150, wato Wh 600 a yini. Da dare ana kunna ampul 3, kowane wat 5, na tsawon awa 5. Sun ci 75. Ana kunna fanka mai wat 20 na awa 6, ta ci 120. An tara, 195, mu ce 200. Saura 400. Wannan 400 shi ne abin da za a raba wa masu caji, ba ƙari.

Yanzu an kawo akwati mai Wh 300 wanda ya ƙare sarai. Ba 300 zai ci ba, don wajen zuba wuta kullum wani abu na zubewa, yana zama zafi. Ku sa masa 350. Saura 50, wato salula biyu. Shi ke nan, kasuwar yau ta tashi. Idan akwai akwati na biyu, sai gobe. Idan aka matsa aka jona shi yau, daga rumbu za a ɗiba, da dare fitila ta mutu, batiri kuma ya fara lalacewa.

Manoman da ke aiki a gonakin rani na ONAHA a Ƙonni sun san wannan tsari. Ruwan da ake tarewa a madatsun Mozage da Zango ba a sakar wa kowa shi rana ɗaya. Kowane ɓangare da ranarsa. Ku yi wa wutar gida haka. Ku samo kaye, ku rubuta ranakun mako, ku rubuta sunan mai layi gaban kowace rana. A ganina wannan ɗan rubutu ya fi sayen sabon batiri amfani, kuma yana kashe gardama tsakanin kishiyoyi.

Lokacin caji shi ne da rana, daga hantsi zuwa la'asar, sa'ad da pano ke aiki. Kada ku cika akwati da dare daga batirin gida. Kwashe hatsi ne daga wani rumbu zuwa wani, ana zubarwa a hanya.

Tsakanin pano da batiri akwai ɗan akwatin nan da ake kira regilater, wasu su ce kontirola. Shi ne mai gadin batiri, yana hana shi cika fiye da kima. Idan naku mai allon lamba ne, ku riƙa dubawa. Da rana lokacin caji zai nuna 13 da wani abu har zuwa 14 da ɗan kai. Da dare batirin da ya cika ya huta yana nuna wajen 12.7. Idan ya sauko 12.1, an ci rabi, ku kashe kaya. Pano kuma ku fuskantar da shi kudu, ku ɗan karkata shi, ku share shi da tsumma mai laushi da sassafe kafin ya yi zafi. Inuwar reshe ɗaya ko kashin tsuntsu na iya rage masa ƙarfi sosai.

Hanyoyin zuba wuta cikin akwati

Hanya ta farko, daga pano kai tsaye. Yawancin akwatunan wuta na da regilater nasu a ciki, shi ya sa hakan ke yiwuwa. Amma kafin ku jona, ku karanta lambobi biyu. A bayan pano ku nemi inda aka rubuta Voc. Shi ne bolt mafi yawa da panon ke fitarwa. Ƙaramin pano da ake cewa na bolt 12, Voc ɗinsa wajen 22 ne. Sannan ku duba bakin ramin akwati ko takardarsa. Za ku ga kamar 12-28V. Ma'ana kada a ba shi fiye da bolt 28. Idan lambar pano ta fi ta akwati, kada ku jona ko na ƙiftawar ido.

Masu lambun albasa da suka sa famfon sola, ku saurara da kyau. Manyan panonin famfo, masu wat 300 zuwa sama, Voc ɗinsu yakan kai 40 ko ya wuce. Kuma sau da yawa an haɗa su a jere, jan wayar wannan ya shiga baƙar wayar wancan, sai bolt ɗinsu ya taru. Ko ƙananan pano biyu masu 22 aka haɗa haka, sun zama 44. Ƙaramin akwati ba zai ɗauka ba, nan take zai ƙone. Wayoyin famfo kuma na iya kama mutum, ba abin wasa ba ne.

Pano ɗaya, akwati ɗaya. Kada ku tsaga wayar pano gida biyu don ku ciyar da akwati biyu tare. Za su yi ta jayayya, babu wanda zai cika da kyau. Salula da pawabank kuwa bolt 5 suke sha ta ramin USB. Ba a taɓa jona su ga pano kai tsaye.

Hanya ta biyu, daga batirin gida, da wayar nan mai kan da ake sawa cikin mota. Hanya ce mai kyau, ba ta zubar da wuta da yawa. Sai dai akwati ɗaya na iya jan amper 8 zuwa 10 ta wannan waya. Ku duba jikin regilater, an rubuta 10A, 20A ko 30A. Idan naku 10A ne kuka rataya masa akwati biyu, kun ɗora masa amper 16 ko fiye. Jakin da ke ɗaukar buhu ɗaya ne aka aza wa biyu. Haka kuma ta wajen pano: mai wat 150 na kawo amper 8 zuwa 9, regilater mai 10A yana bakin iyakarsa, mai 20A ya fi dacewa. Idan kun ƙara pano na biyu, ku nemi mai 30A.

Hanya ta uku, ta konbertiser, wanda ƴan Najeriya ke kira inbata. Shi ke mayar da bolt 12 na batiri ya zama 220 irin na NIGELEC, sai a jona caja ta bango. Mutane sun fi son wannan hanya don sauƙinta, amma ita ta fi ɓarna. Konbertiser na cin nasa rabo, ko ba a jona masa kome ba muddin yana kunne. Ga kuma abin da ba a gani: cajar da ke cin wat 300 tana jan fiye da amper 25 daga batiri. Ku raba 300 gida 12 ku gani. Cikin awa 2 ta cinye Wh 600, duk rabon da ke cikin batiri mai 100Ah. Saboda wannan amper mai yawa, konbertiser ga batiri ake ɗaura shi da wayoyinsa masu kauri, ba ga ramin fitilu na regilater ba. Wutar da ke fita daga cikinsa tana kisa kamar kowace wutar 220, a nisanta yara. Idan caja na ƙara tana zafin da hannu ba ya jurewa, ku cire ta. Kuma kada ku jona ralanj cikin ralanj, wato wayar nan mai ramuka da yawa, har ta zama kamar reshen itace.

Waya da fiyus

Yawancin gobarar sola daga waya take tashi. Mutane na cewa bolt 12 ba ya kama mutum, don haka kowace waya ta isa. Gaskiya ne ba ya kama hannu, amma yana ƙona ɗaki. Idan jar waya da baƙa suka haɗu, batiri na sakin amper ɗaruruwa lokaci guda, waya ta yi ja kamar ƙarfe a maƙera.

Ku nemi wayar jan ƙarfe ta gaske. Wajen saye ku kankare bakinta da wuƙa. Idan cikinta fari ne, sanholo ne aka shafa wa ja, ku bar ta. Kaurin waya ma da lamba yake. Don amper 10, mai lamba 2.5 ta isa idan nisa bai wuce mita 3 ba. Idan ya kai mita 5, ku sa mai lamba 4. Siririyar wayar rediyo ba ta wannan aiki ba ce. Inda aka haɗa waya biyu a ɗaure da kusa ko maƙalli, kada a murɗa da hannu a naɗe da leda. Haɗin da ke motsi shi ke tartsatsi. Bayan rabin awa da fara caji ku taɓa wayoyi. Ɗumi kaɗan ba kome. Idan da zafi, wayar ta yi ƙanƙanta ko haɗin ya saki.

Sai fiyus, wanda masu gyaran mota ke kira fizibil. Ɗan abu ne mai araha da ke tsinkewa idan amper ya yi yawa, ya mutu a madadin gidanku. A sa shi bisa jar waya, kusa da kan batiri mai alamar +, kada ya wuce taƙi ɗaya. Irin na mota ya wadatar, kuma launinsa na faɗin ƙarfinsa: ja amper 10, shuɗi 15, ruwan ɗorawa 20, tsanwa 30. Ga waya mai lamba 2.5 kada fiyus ya wuce 20. Idan ya tsinke, yana gaya muku akwai matsala ne. Ku nemi matsalar. Wanda ya maye gurbinsa da guntun waya ko takardar sigari mai ƙyalli ya kori mai gadi ya kwanta ƙofa buɗe.

Wajen haɗawa akwai tsari. Batiri ake fara jonawa ga regilater, sannan pano, sannan kayan aiki. Wajen kwancewa, a fara cire kayan aiki da pano, batiri ne na ƙarshe. Ja ga +, baƙi ga -. Kada ku haɗa tsohon batiri da sabo, tsohon zai ja sabon ƙasa.

Zafi ne babban abokin gaba

Abin da ke cikin salula da pawabank da akwatin wuta ba darma ba ne. Wani sinadari ne mai suna litiyam. Ba shi da nauyi, yana riƙe wuta da yawa, amma ba ya son zafi. Masu ƙera shi na cewa kada a yi masa caji idan zafi ya wuce digiri 45. To mu a nan, a watannin Afrilu da Mayu, ko cikin inuwa zafi na wuce 40. Ɗakin kwano a rufe da tsakar rana ya fi haka nesa. Ga shi caji da kansa na ƙara masa zafi. Alhazai sun ga yadda ake yi a filin jirgi: ba a yarda a sa pawabank cikin kayan da ke shiga ƙarƙashin jirgi, sai a hannu, inda ido ke ganinsa. Ba don wulaƙanci ba ne. Idan litiyam ya kama wuta, kashe shi da wuya.

Saboda haka pano a rana, akwati a inuwa. Kada ku ajiye akwati gindin pano a fili don waya ta yi gajarta. Ɗakin ƙasa mai iska ya fi na kwano. Lokacin bazara ku yi caji da safe, ku dakata idan rana ta take. Ku ɗora akwati bisa siminti, bisa tubali ko ƙasa tsura. Ban da katifa, ban da tabarmar roba, ban da ƙarƙashin matashin kai, kuma nesa da zana da kara da tufafi. Idan akwatuna biyu ne kada a ɗora wani kan wani, a bar taƙi ɗaya tsakaninsu, kada a toshe ramukan da suke shan iska. Wasu na lulluɓa musu jiƙaƙƙen buhu kamar yadda ake yi wa jarkar ruwa. Kada ku yi. Ruwa na shiga ciki ya haɗa wayoyi.

Akwai maganar da ta shafi yankinmu na bakin iyaka musamman. Gidaje da yawa na ajiye man fetur cikin jarka da kwalabe, na sayarwa ko na babur da injin ban ruwa. Fetur da wurin caji ba sa zama ɗaki ɗaya. Tururin fetur ba ya bukatar wuta, tartsatsi ɗaya ya ishe shi. Batirin darma mai ruwa shi ma yana fitar da wata iska marar wari lokacin caji, mai fashewa idan ta taru. A bar masa taga, kada a duba ruwansa da ashana, kada a sha taba kusa da shi. Idan ruwansa ya ragu a ƙara masa ruwan batiri tatacce, ba na rijiya ba. Idan ya fallatsa a ido, a yi ta wankewa da ruwa mai tsabta na minti 15, sannan a tafi likita.

Kada wurin caji ya zama bakin ƙofar ɗakin da yara ke kwana, don idan wuta ta tashi ta nan za a fita. Kada a bar kaya a jone a yi barci, ko a kulle a tafi kasuwa. Wanda ya cika a cire shi. Da damina idan hadari ya taso da tsawa, a cire akwatuna duka har ya wuce.

Mai shirin sayen sabon akwati ya duba jikinsa. Idan ya ga an rubuta LiFePO4 ko LFP, wannan irin litiyam ya fi jure zafi, ya fi wuyar kama wuta, ya kuma fi daɗewa. Ya ɗan fi nauyi, amma ga ƙasa irin tamu shi zan zaɓa.

Idan batiri ya nuna alama

Batirin litiyam yakan yi gargaɗi. Pawabank ya kumbura, ko bayan salula ya ɗaga. Yana zafi ko ba a caji. Yana wari kamar na sinadari, ko yana ɗan huci. Wanda ya nuna ɗaya daga cikin waɗannan ya gama aiki. Kada a huda shi da allura don iska ta fita, kada a danne shi da dutse, kada a ba yara su yi wasa. Masu sana'ar cajin salula ranar kasuwa, ku duba kowace waya kafin ku karɓa. Mai kumburi ku mayar wa mai ita, don ɗaya na iya ƙona na mutane hamsin.

Idan ya fara hayaƙi, a fara fitar da yara da tsofaffi, hayaƙin guba ne. A cire waya idan hannu zai kai ba tare da hatsari ba. Ƙarami ne, a ɗauke shi da shebur a kai fili bisa rairayi. Bayan an raba shi da wayoyi, a zuba masa ruwa mai yawa daga nesa don ya huce. Idan akwai fetur kusa, ƙasa za a zuba, ruwa na watsa wutar fetur. Ko ya mutu a bar shi waje ya kwana, don yakan sake tashi bayan awoyi. Inda ƴan kwana-kwana ke iya zuwa, lambarsu 18.

Mataccen batirin darma kuma kada a fasa shi cikin gida, kada a narka darmarsa. A Caroy, kusa da Dakar ta ƙasar Senegal, tsakanin ƙarshen 2007 da farkon 2008, yara 18 sun mutu a unguwar da ake fasa tsofaffin batura don cire darma. A mayar da shi ga mai sayar da batura yadda yake, da ruwansa a ciki.

Aikin aji

Malami ya sa kowa ya kwafo lambobin da ke bayan panon gidansu, ko na maƙwabci, ya kawo aji. Sannan a yi wannan lissafi tare a allo.

Wani gida a Gidan Idar na da pano mai wat 200. Wh nawa za su samu a yini mai haske? Fitilu da fanka na cin 250. Nawa ya rage? An kawo akwati mai bukatar 350, da pawabank 2 kowane mai bukatar 90, da salula 3 kowace mai bukatar 25. Za su cika duka yau? In ba za su cika ba, wa zai jira gobe?

Wata mata a Tajaye na da akwati da aka rubuta wa 12-24V. Ɗanta ya kawo pano mai Voc 41. Me za ku gaya mata?